Farar Ƙasa

Ni ne Wimalasiri, mai jan layin fili.
Shekara arba'in da ɗaya ina tafe a duƙe
da bokitin farar ƙasa da igiyar ɓawon kwakwa.
Duk wanda ya taɓa cin tsere a makarantar nan
tsakanin layukana ya wuce.

Allon tagullar da ke bakin ƙofa
ya faɗi shekara, bai faɗi ƙamshi ba.
Rumbun ganyen shayi ne a da, a gangaren Badulla.
Malama Nandawathie ta sayar da warwaronta shida,
ta kama hayarsa, ta zaunar da yara goma sha bakwai
a kan akwatunan da aka kife.
Har yau in ruwa ya jiƙa katakon aji ɗaya
shayi kan tashi ya shiga cikin lissafi.

Kuɗin makaranta?
Wani uban da ayaba ya biya,
wani da kwana uku na sassabe.
Nawa uban da duwatsu:
shi ya tone su daga inda ake wasa yanzu.
Ban wuce aji huɗu ba. Filin dai na gada.

Fili ne mai gardama, ya karkata gabas.
Ƙwallon kurket in ta kuɓuce
sai ta gangara har lambun Periyasamy,
akuyarsa ta tauna mana biyu a shekara guda.
Baƙi kan sauko daga mota suna dariya,
su hau da yamma ba mai cewa uffan,
don da ɗan gari akan ci gari,
mu mun san inda ƙasa ke tura ƙwallo.

Amma kofi? Shekara goma sha tara
ko na shan ruwa ba mu ɗauko ba.
Sai ga Selvarani, 'yar mai tsinkar ganye,
siririya kamar sillen kara, ƙafa ba takalmi.
Mita ɗari takwas.
A zagaye na biyu sama ta kece,
layukana suka narke suka zama kunu,
sauran yaran suka yi ta laluben hanya.
Ita ta sha ganina ina ja da asuba,
ta bi layin da babu, ba ta kauce ko taki ba.
Kofin na ofis, hannunsa ɗaya ya karye.
Ita tana Kandy, tana cire wa mutane haƙori.

Ragar farko ta 'yan mata, komar masunta ce,
wani direba ya kawo daga bakin teku,
wata uku tana ƙarnin kifi.
Ba su damu ba. Sun doka har tafin hannu ya yi kanta.

Yanzu akwai wurin ninkaya mai shuɗin gindi,
akwai hoki, akwai bas mai sunanmu a jiki,
ɗalibai ɗari tara, kowa da rigar gidansa,
ja, kore, ruwan ƙwai.
Ayaba ba ta biyan ko kuɗin safa.
Jikan Periyasamy ta katanga yake kallo,
in ƙwallo ta faɗa, shi ke wurgo mana,
kuma hannun yaron ya fi na kyaftin ɗinmu.
Na faɗa a ofis sau biyu. An ce za a duba.

Sabon shugaba, Malam Ekanayake, mutumin kirki ne.
Ya ce baɗi za a daidaita filin,
a shimfiɗa ciyawar roba
mai layin da ruwa ba ya wankewa.
Ya dafa kafaɗata, ya ce zan huta.
Na ce to.

Gobe ranar wasanni ce.
Hadari ya haɗo ta bayan dutse,
gwiwata ta riga rediyo sani.
Bari in dama farar ƙasa da kauri,
in ja igiya tun da sauran haske.